Kawu Bala da Noman Bokiti

Ku da kuka san Kawu Bala kun san ba ya isa gidan mutum ya fara da gaida masu gida. Sai ya tsaya a ƙofa tukuna, ya sunkuya, ya ɗebi ƙasa da yatsu biyu, ya murza, ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe. Sa'annan ya miƙe ya yi sallama. Gidan biki haka, gidan makoki haka. Ranar da muka je Lajawa nema wa ƙanena aure, dattawa sun shimfiɗa tabarmi suna jiran mu, shi kuwa yana bakin zaure yana ɗanɗane. Da ya zauna, waliyyin yarinya ya ce, "Malam Bala, an zo lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Amma ƙasar nan taku tana son toka."

Can sai ya ƙara da cewa, "Yarinyar dai muna so. Ƙasar ce da sauran aiki." Har yau in mutanen Lajawa suka gan ni sai sun ce in zo in duba musu ko ta gyaru.

Ni Sale ne, ɗan ƙanwarsa, a gidansa na tashi a Sabon Garin Wudil, sana'ata gyaran famfo. Tun da Kawu ya rasu mutane ke tare ni suna cewa in rubuta labarin bokitai, wai ni aka yi komai a gabana. Ban iya dogon rubutu ba, kuma har yanzu in na zo wucewa ta ƙofar gidan sai in rage tafiya, kamar zai ƙwala mini kira. Amma shi mutum ne da ba ya son zaman jugum, don haka zan faɗa yadda aka yi.

Kawu manomin lambu ne a bakin kogi tun yana saurayi. Latas, lansir, alayyahu, yakuwa, babu wanda bai nomawa. Abin da yake alfahari da shi a duniya guda ne: bai taɓa sayen ganye da kuɗinsa ba. Kuma duk shekara in azumi ya kama, ganyen farko ba ya zuwa kasuwa. Sai an raba wa maƙwabta gida gida, kowa ya yi kwaɗon buɗa baki, sa'annan a yi maganar sayarwa.

Bayan soja sun koma bariki da 'yan shekaru, ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa a lambu. Ya cire, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da ban ruwa. Ciwo ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Da ƙyar muka kai shi asibiti, aka auna aka ce ciwon suga ne. Likita bai ɓoye masa ba. Ya ce, "Baba, wannan karon mun ceto ƙafar. In ta sake shiga taɓo da ruwan fadama, yanke ta za a yi."

Yana kwance a asibiti babban ɗansa, Yaya Kabiru, ya zo daga birni da niyyar alheri. Ya cire wa keken Kawu sarƙa ya tafi da ita. Sa'annan ya kawo magina suka malale gidan da siminti, tun daga zaure har bayan madafi, don kada ƙasa ta taɓa ciwon. Ranar da aka sallamo Kawu, ya sauko daga mota, ya sunkuya a ƙofar gidansa kamar kullum, yatsunsa suka karci siminti. Ya shiga tsakar gida ya duba gabas ya duba yamma.

"Kabiru!"

"Na'am, Baba."

"Gida ka gyara mini, ko a faranti za ka ajiye ni?"

Muka ce to a ɗebo masa ƙasa a buhuna ya shuka a ciki. Ya ce ƙasar cikin gari leda ta riga ta kashe ta. Muka ce a ɗebo ta fadama. Ya ce, "Ƙasar fadama ba gero ba ce da za ta zauna a buhu." Daga nan ya tara mu, ni da Yaya Kabiru da matarsa Inna Asabe, ya yi magana ba da wasa ba. Ya ce, "In watan azumi ya tsaya ba ni da ganyen da zan aika wa maƙwabta, lambu zan koma. Ƙafar tawa ce. In sun yanke, in tafi da ɗayar." Duk mun san shi. Abin da ya faɗa zai yi.

Allah ya kawo mana Malama Rifkatu. 'Yar Billiri ce, Kirista, tana aiki a sashen noma na jami'ar da aka buɗe a garin nan, kuma ta daɗe tana sayen latas a lambun Kawu. Ta zo duba shi, Inna ta ba ta labari a madafi. Ta fito ta durƙusa ta ce, "Baba, ka san ana noman ganye babu ƙasa ko kaɗan? A ruwa zalla, a tsakar gida."

Kawu ya dube ta ya ce, "Malama, ke ma azumin kike yi tun yanzu? Yunwa ce ke magana."

Ba ta ji haushi ba. Washegari ta dawo da wani gari fari kamar gishiri, ta ce takin da ake narkawa a ruwa ne, saiwa ta sha kai tsaye. Ta dama cokali guda a kofi don ta nuna masa. Kafin ta juya ya tsoma yatsa ya kai baki.

"Baba, ba a sha!"

Ya ɗan tauna iska. Ya ce, "Babu laifi. Ya fi ta Lajawa."

Ta zauna ta yi masa bayanin hanyoyi uku, ya zaɓa. Ta farko, a jera shuka a kan bututu, ɗan inji yana tura ruwa yana zagayawa ba tsayawa. Ta biyu, a sa shuka a gwangwani cike da ɓuntun shinkafa, a zura lagwani daga ƙasan gwangwanin zuwa ruwa, ya riƙa tsotsowa kamar yadda na fitila ke tsotson kalanzir. Ta uku, a cika bokiti da ruwan takin, a huda murfi, a rataya shukar a ramin da ɗan soso, a rufe, a ƙyale ta har ta girma. Ta ce, "Ni dai ta ukun nake ba ka shawara. Ba ta son wuta, ba ta son komai."

Kawu ya ce, "Wacce ta fi wahala?"

"Ta bututu."

"Ita nake so. Noman da ba gumi a ciki, ai sata ce."

To, ni ne mai famfo, aiki ya faɗo kaina. Na haɗa bututai a jikin katanga, na huda su, na samo ɗan inji. Latas ya tsiro gwanin sha'awa. Kawu ya sa kujera a gabansu yana sauraren ƙarar ruwa, yana cewa yara su yi shiru kogi na magana. Sai ran nan da hantsi aka ɗauke wuta. Ruwa ya tsaya, rana ta buɗe, saiwoyi a fili cikin bututu mai zafi. Kawu ya miƙe da sandarsa ya zama sarkin yaƙi. Ya jera mu da butoci, ni da jikoki da wata baƙuwa da ta shigo aron rariya, kowa na zubawa ta wannan baki yana tarewa ta wancan. Ya ƙwala wa Inna kira.

"Asabe! Kawo buta!"

Ta leƙo daga madafi da muciya a hannu. "Malam, tuwo ko latas? Ka zaɓi ɗaya."

"Latas!"

"To ka ci shi da dare."

Wuta ba ta dawo ba sai da aka kwana aka wuni. Latas ya kwanta kamar tsumma. Kawu ya zauna yana kallon sa, ya ce, "Da ana ce mana laifin soja ne. Yanzu sojan sun tafi, ashe da wutar suka tafi a aljihu."

Aka koma ta lagwani. Malama ta ce a sayo sabon lagwani a kasuwa, ba shi da tsada. Kawu ya ce to. Ashe "to" ɗin ta baki ce. Da Inna ta tafi unguwa ya ɗauko rishonta ya zare lagwanin gaba ɗaya, ya ɗauraye sama sama, ya zura a gwangwanaye. Ta dawo za ta ɗora shayi, ta ƙyasta ashana, ta sake ƙyastawa, risho ya ƙi. Ta buɗe ta ga ramuka.

"Malam, ina lagwanina?"

"Yana aikin gwamnati."

Kwana kaɗan shukar ta yi rawaya, gidan duk warin kalanzir. Malama ta zo ta sansana gwangwani ɗaya ta riƙe baki. Ta ce, "Baba, wannan ba shuka ka yi ba, fitila ka dasa." Ya sake gwadawa da tsohon rawaninsa da ya yayyaga. Wannan karon na'ana'a ta yi kyau, amma latas ya tsaya ƙanana, rawanin ba ya kawo masa ruwan da zai ishe shi. Ganyen bai fi kunnen ɓera ba. Kawu ya ce ba zai aika wa Liman wannan ba, sai a ce tsufa ya kama shi.

Saura ta bokiti, wadda ya raina. Lokaci kuma yana tafiya, an shiga Rajab. Na bi masu fenti na tattaro tsofaffin bokitai, muka wanke. Malama ta ce dole a naɗe su da wani abu don kada haske ya shiga, in ba haka ba gansakuka za ta cika ruwan. Na ce zan sayo baƙar leda. Kawu ya ce in zauna. A lokacin ba a daɗe da gama zaɓe ba, fostocin 'yan takara sun yi kaca kaca a kowane ofishin jam'iyya. Ya aika aka roƙo masa, na waɗanda suka ci da na waɗanda suka faɗi, bai ware kowa ba. Ya naɗe kowane bokiti da fuskar mutum guda. Daga ranar bokitai suka samu suna: ga Sanata, ga Ciyaman, ga Ɗan Majalisa, ga Kansiloli a jere a gindin katanga.

Wani maƙwabcinmu ɗan siyasa ya leƙo ya ga ɗan takararsa kusa da abokin hamayya. Ya ce, "Haba Malam Bala, wai kai wace jam'iyya kake?"

Kawu ya ce, "Duk nawa ne. Kowannensu ya yi mana alkawarin ruwa. To ga shi nan na ba su gadinsa."

Malama ta kafa doka guda, ta maimaita har sau ba adadi. Ta ce yayin da shuka ke sha, ruwan zai riƙa sauka, kuma haka ake so. Saiwar ƙasa na shan ruwa, ta sama na shan iska a filin da ya buɗe tsakanin murfi da ruwa. In aka cika bokitin har baki, saiwar ta shaƙe. "Baba, kada ka ƙara. Ko ka ga ya yi ƙasa, ka ƙyale shi."

Ku dubi wanda ake gaya wa wannan. Mutumin da tun yana saurayi yake ban ruwa safe da yamma, wanda in ya ga fangali ya fara bushewa ba ya iya cin abinci. Kullum sai ya ɗaga murfi ya leƙa, ya ga ruwa ya ragu, ya rufe, ya zagaya, ya dawo ya sake leƙawa. Rannan ya kasa daurewa. Ya ɗauki buta ya cika wa kowa har wuya. Da ya ga ruwan fari tas, sai tausayi ya kama shi, ya ce wannan ai kunun marasa lafiya ne, ba zai riƙe ciki ba. Ya aika aka ɗebo masa kashin awaki ya zuba wa kowane bokiti tafi guda.

Wayyo, wari! Saiwoyin da suke farare suka koma baƙi, suna yauƙi. Kowace safiya sai mu ji sanarwa daga tsakar gida: "Kansila ya rasu." Gobe kuma, "Ɗan Majalisa na jin jiki." Malama ta zo ta toshe hanci da gyale ta ce, "Baba, me na ce maka?"

"Kin ce kada in ƙara. Amma ba ki ga yadda suke kallo na ba."

Muka wanke bokitai, ta sake kawo iri, aka sake dasawa. Da gari ya waye Kawu ya fito ya tarar bokitai uku babu, har da manya biyu. Ya ɗaga murya. "Asabe! Sanata ya ɓace! Ciyaman ma babu shi!"

Inna tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yo dama ana ganin su ne bayan zaɓe?"

Ya zargi yaran unguwa, ya zargi masu gwangwan, har ni ya yi wa kallon tuhuma. Sauran bokitan kuwa ya yi ƙoƙarin ƙyale su, amma hannunsa ya ƙi zama. Yau ya ɗan ƙara "kaɗan kawai", gobe ya ciro shuka ya duba saiwa ya mayar. Sha'aban ya yi nisa, abin da ke kan murafan bai kai a kira shi ganye ba.

Wata Juma'a da safe, ranar kasuwa, Inna ta aiko a kira ni daga wurin aiki. Ta ce Malam ya fita da sanda da tsohuwar fartanya, bai ce ga inda za shi ba. Ban tsaya tambaya ba, na hau babur. Na same shi kusa da gada, wajen masu suyar kifi, yana ɗingishi yana kutsawa tsakanin shanun da ake korawa kara, kasuwar dabbobi. Bandejin ƙafar ya yi ƙura. Daga inda yake tsaye ana hango fadama, kore shar.

Na ce, "Kawu, hau mu koma."

"Azumi saura ƙiris, Sale. Lansir ba ya daɗewa, in na watsa yau zan samu."

"Likita fa?"

"Likita ba shi zai kalli idon maƙwabtana ba."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi rauni irin na ranar ba. Sai na faɗi abin da Inna ta ce in gaya masa, ko da yake ni ma ban gane ba. Na ce, "Inna ta ce Sanata ya dawo."

Ya juyo. "Da ransa?"

"Haka ta ce."

Ya hau babur.

Inna ta kai mu bayan madafi, lungun da take shanya tukwane, inda namiji ba ya leƙawa. Ga bokitan nan uku a jere a gefen rumfa. Latas ya cika murfi ya zubo, ganye fatan fatan, har ya rufe wa Sanata hula. Kawu ya ɗaga murfi ɗaya. Ruwa ya sauka ƙasa da rabi, saiwoyi farare sol sun sauko kamar gemun dattijo. Ya daɗe yana kallo.

"Me kika zuba musu?"

"Ba komai."

"Sau nawa kike ba su ruwa?"

"Malam, ni da ke fama da tuwon gidan nan? Tun da na ajiye su ban ko buɗe ba. Malama ce ta ce in ɓoye maka su."

Matar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba! Na ga abin ya shige shi. Ya zauna a kan turmi, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Can ya ce, "To ai ni na zaɓi irin."

Inna ta ce, "Kai ne, Malam."

"Ni kuma na naɗa musu fosta."

"Babu shakka."

"Shi ke nan. Sale, mayar da fartanyar nan ɗaki."

Ranar da aka ɗauki azumin farko, bayan la'asar, ya zauna a zaure da faranti a gabansa yana kasa latas, jikoki na kaiwa gida gida. Bai kai yawan na lambu ba, kowane gida 'yan ganye ne kawai, amma babu gidan da aka tsallake. Kason Malama Rifkatu ya fi na kowa, ya ce a gaya mata ko ba ta azumi ta yi buɗa baki. Liman ya aiko yana tambaya ko Malam Bala ya koma lambu ne. Kawu ya ce a ce masa a'a, noman ragwaye ya koma, kuma ya same shi da wuya fiye da jigo.

Daga shekarar bokitai suka ƙaru har suka zagaye katanga. Ya ƙirƙiro wa kansa aiki don kada hannu ya kai ga buta: korar kaji, juya bokiti ya bi inuwa, da yi wa duk wanda ya shigo wa'azin kada ya kuskura ya cika ruwa, kamar shi ya gano haka. In Malama na wurin sai ta sunkuyar da kai tana dariya. Sarƙar keken kuwa Yaya Kabiru ya dawo da ita da kansa, Kawu ya ce ya ba yara, ba shi da inda za shi.

Bai sake taka fadama ba. Ya yi shekaru masu yawa bayan haka yana zuwa masallaci da ƙafafunsa biyu, a hankali, da sanda, har makon da ya kwanta. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da na zo kan ƙafar dama na ga tabon, ɗan ƙarami, ya warke sumul. A nan ne na kasa ci gaba, sai da wani ya karɓe ni.

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya gafarta masa, ya sa can ta fi masa nan. Allah ya ba Inna Asabe haƙuri, ya saka wa Malama Rifkatu da alheri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.